Sai Ya Kwana a Rataye

Keken ɗinkin Umma yana bakin taga, inda ta bar shi. Ban taɓa matsar da shi ba. Nan ne kawai haske ke shigowa sosai, kuma daga nan ina kallon titi ba wanda ya san ina kallo. Muna hawa na biyu, ɗaki biyu da ɗan kicin, a saman shagon masu gyaran waya. Baba direban babbar mota ne. In ya tafi sai ya yi kwana goma, ya dawo ya yi biyu, su ma rabinsu a kwance. Tun da Yaya ta koma wani gari ta buɗe shagon ɗinki, Umma kuma ta rasu, sai ya zama ni da keken ne masu gida.

Auta ake ce min. Ba ni da surutu. Ko a sakandare sai a kai zango na biyu malami bai san muryata ba. Da na gama sai na zauna a kan keken, ina yi wa matan unguwa kwalliyar bakin mayafi da rigunan yara da labule. Ba ma wurina suke zuwa ba. Maman 'yan biyu suke ba, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu, ita ta miƙo min. Takan ce ita ce bakina, ni ce hannunta, in aka haɗa mu an samu mace guda cikakkiya.

Akwai wani ɗinkin baki da Umma ta koya min, tana ce masa katantanwa. Za a kalmashe bakin yadin siriri, a goge, a ɗaure zaren sama tamau har lamba bakwai. Allura za ta yi taku huɗu a miƙe, na biyar ta yi tsalle gefe ta cafki bakin kalmasar ta jawo shi ciki. In aka gama sai ka ga bakin ya lanƙwashe ƙanana ƙanana a jere, duk kansu ɗaya. Ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. In ka ja yadin ya ɓaci, in ka tura shi ya ɓaci. Sai dai ka raka shi.

Wata uku da suka wuce Yaya ta ce min a waya akwai ɗan ɗaki a bayan shagonta, tana neman wadda za ta zauna da ita. Ta ce, “In hannunki ya faɗa, ke zan ɗauko.” Baba ma da ya ji ya ce ai gara, da in zauna ina hira da bango. Tun ranar ban sake tambayarta ba, amma ba ranar da ban juya maganar nan a raina ba. Ba shagon ne ya dame ni ba. So nake in tashi da safe in ji motsin wani a gida.

Ranar wata Talata ta kira ta ce gobe tana nan tafe da aiki. Na share ko'ina. Na shimfiɗa sabon zanen gado a tsohon gadonta, na sa matashi na biyu. Shekara biyu rabon da ta kwana a gidan.

Ƙarfe goma sha ɗaya na hango ta ta taga, ta sauko daga tasi da baƙar leda a hammata, tana magana a waya tana tsallaka titi ko dubawa ba ta yi. Haka Yaya take. Motoci ne ke jiran ta.

“Auta! Ke har yanzu ba ki ƙara ko tsoka ɗaya ba? Me kike ci a gidan nan, zare?”

Na yi dariya na karɓi jakarta. Na ce ga shayi.

“Bari shayin nan tukuna. Zo ki gani.”

Ta zazzage ledar a kan tebur. Siket ne, shuɗi mai duhu, yadin mai laushi da nauyi, yana zamewa a hannu kamar ruwa. Ta ce na wata lauya ce, babbar mai kawo mata ɗinki, ran Asabar za ta sa a wani taro da za a karrama ta. Matar ta ga hoton bakin katantanwa ta ce shi take so, ba wani ba.

“Kekunan shagona duka masu gudu ne, miƙewa kawai suka sani. Na ce ai akwai na Umma, akwai kuma Auta. To ga ranarki. Ki nuna min hannun nan.”

Na kama ƙugun siket ɗin na ɗaga. Ya buɗe ya zubo. Yankan lema ne, wanda ake yankawa a zagaye.

“Yaya, yaushe aka yanka shi?”

“Jiya da yamma. Na haɗa ƙugu na sa zif na ninke.”

Duk wanda ya zauna kusa da Umma ya san wannan. Yankan lema, wani wurin zaren yadin a miƙe yake, wani wurin a karkace. Inda yake a karkace, nauyin yadin zai riƙa jan sa ƙasa a hankali, ya ƙara tsawo. Shi ya sa ba a taɓa masa baki ranar da aka yanka. Sai an rataye shi ya gama saukowa, sannan a daidaita, a yi baki. Yaya ta bar gida kafin Umma ta fara karɓar irin wannan aikin, kuma a shagonta yadi mai tauri ta fi ɗinkawa, wanda ba ruwansa da wannan.

Na ce, “Sai ya kwana a rataye.”

Ban san ko ta ji ba, don ni ma da ƙyar na ji kaina.

“Na'am?”

“Sai ya kwana. A rataye. Kafin a yi bakin.”

“Kwana? Motar ƙarfe uku zan bi. Gobe da safe akwai masu zuwa gwaji har mutum huɗu.”

Tana maganar sai idonta ya kai kan ƙofar ɗakin ciki, da na bari a buɗe. Ta ga gadon. Ta ga sabon zanen da matashi biyu. Ta juyo ta dube ni, bakinta ya ɗan karkace.

“Auta. Ashe ke ma kin iya wayo.”

Daidai nan Maman 'yan biyu ta turo ƙofa, cokali a hannu.

“Muryar wa nake ji kamar ta hajiyar shago? Iye! Manyan gari! An tuna da mu talakawan sama?”

“Maman 'yan biyu, ina 'yan rigimarki?”

“Suna makaranta, Allah ya ƙara wa malamai haƙuri. Ke dai yau kwana za ki yi ko? Yarinyar nan tun jiya take wanke-wanke, har silin ta goge. Na ce Auta ko gwamna ne zai zo?”

Yaya ta tafa hannu. “Ka ji! Ashe haɗa baki kuka yi. Ita ta ce siket ne zai kwana, ke kin ce ni ce.”

“Wane siket kuma? Ni ban san zancen siket ba. Ni dai na san an soya ƙwai har shida.”

Suka yi ta dariya. Ni ina tsaye riƙe da ƙugun siket.

Bayanin duk yana bakina. Da zan iya jan yadin a gabanta, in ja a miƙe ta ga bai motsa ba, in ja a karkace ta ga ya miƙe kamar roba. Minti ɗaya ya isa. Amma gaskiyar ita ce ina so ta kwana. Ina so ƙwarai. Da ta faɗa sai na ji kamar an kama ni da hannu a tukunya, har na fara tambayar kaina ko don siket ɗin na faɗa ko don kaina. Kunya ta rufe ni. In na sake buɗe baki, roƙo za su ji.

Na ce, “To.”

Yaya ta riga ta sa alli a tsawon da ake so. Na shimfiɗa siket ɗin a ƙasa na bi da almakashi na daidaita. Na kalmashe bakin, na goge shi kaɗan kaɗan da dutsen guga mara zafi sosai. Na gwada a ƙyalle sau biyu, na ƙara ɗaure zaren, na uku ya fito yadda nake so. Sannan na sa siket ɗin a ƙarƙashin allura.

Bakin yankan lema ba ya ƙarewa. Ka yi ta tafiya kamar mai zagaya fili. Yaya ta zauna a bakin kujera tana shan shayin da ta ce a bari, tana amsa waya, tana yi wa wata faɗa a kan maɓalli. Can sai na ji ta yi shiru. Ta matso bayana. Ina jin numfashinta a kafaɗata, da ƙanshin man da take shafawa tun muna yara. Ban ɗago ba. Taku huɗu, tsalle, taku huɗu, tsalle. Yadin yana fita ta baya yana taruwa a kan tebur.

Ƙarfe biyu da kwata na yanke zare. Ta ɗaga shi a hasken taga tana bin bakin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman laifi. Ba ta samu ba.

Ta ce, “Kamar Umma ce ta yi.” Sai ta yi gyaran murya, ta ninke shi da sauri. “Ki fara haɗa kayanki. Ƙarshen wata in Baba ya dawo ya kawo ki, ke da keken.”

Na raka ta har ƙasa. Da tasi ta ɗauke ta na hawo na tsaya a taga, har masu gyaran waya suka kunna waƙarsu ta yamma. Ƙwan da ya rage na kai wa 'yan biyu.

Na haɗa kaya a ranar. Ba su da yawa. Jaka ɗaya, da gwangwanin zare, da takardun makarantata. Ina ninke riga ina ce wa kaina wataƙila yadin nan ba mai saukowa ba ne. Akwai yadin da ba ya saukowa sosai. Na san ba irinsa ba ne, amma na yi ta faɗa.

Ran Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara.

“Auta, me kika yi wa siket ɗin nan?”

Ko gaisuwa babu. Ta ce tun Laraba da ta isa ta rataye shi a shago da leda a kai, ba wanda ya sake dubawa. Yau lauya ta zo gwaji, ta sa, ta tsaya gaban madubi. Wuri huɗu sun zubo ƙasa kamar kunnuwa, sun fi sauran da yatsa huɗu.

“Matar nan ko faɗa ba ta yi ba. Ta dube ni kawai ta ce, haka kuke aiki? A gaban yarana! Me ya sa ba ki faɗa min zai yi haka ba?”

“Na faɗa, Yaya.”

“Yaushe?”

“Na ce sai ya kwana a rataye.”

Ina jin kekunan shagonta suna gudu a bayanta.

“Kin faɗa,” ta ce. “Amma kamar mai roƙo kika faɗa, ba kamar wadda ta sani ba. Da kin ce min, Yaya in na ɗinka yau zai lalace, wallahi da na bar miki shi na tafi, ki aiko daga baya. Ke kin san abu, kina kallo, kika ce to?”

Ashe ma ba sai ta kwana ba. Siket ɗin kaɗai zai kwana. Wannan ko kusa bai zo min a rai ba ranar.

“Zai gyaru?”

“Sai an yanke bakin. Zaren ya ci yadin, in aka warware zai bar huji. Zai rage tsawo.”

“Gobe dai wani abu za ta sa, wannan ya wuce. Zan ba direba ya kawo miki. Ki yi abin da kika sani.”

Ran Lahadi na je tasha na karɓo. Direban ya miƙo min ledar ta taga ko kallona bai yi ba. Na kawo shi gida na rataye a jikin ƙofar ɗakin ciki, na bar shi har washegari don ninkin da ya sha a hanya ya sake shi.

Wannan karon ba a ƙasa zan auna ba. Sai a jikin mutum, daga ƙasa zuwa sama. Na ƙwanƙwasa wa Maman 'yan biyu na ce ko za ta sa min.

Ta dubi ƙugun ta dubi kanta. “Ni? Ni da na sauke biyu rana ɗaya? Wannan ko ƙafata ɗaya ba zai ɗauka ba. Ke sa, ni in yi allin.”

Na sa. Ban taɓa sa yadi mai tsada haka ba, yana da sanyi a ƙafa. Na hau kan ɗan benci, na ba ta doguwar rula da alli. Ta durƙusa tana nishi tana cewa gwiwoyinta sun yi ritaya. Na duba ƙasa na ga tana bin tsohon bakin da allin.

“Ba nan ba. Kar ki bi bakin, shi ne ya karkace. Ki kafa rular a kan benci, ki sa alli a lamba ɗaya duk inda na juya.”

“To ai nan ma...”

“A'a. Goge wancan. Daga benci.”

Ta ɗago ta dube ni baki buɗe. “Iye! Yau Auta ta yi baki! Bari in kira masu gyaran waya su zo su shaida.”

Na juya a hankali, tana ɗiga alli, tana ba ni labarin yadda 'yan biyu suka cinye mata man goge baki. Da muka zagayo, na cire na yanke. Tsohon bakin ya faɗo ƙasa, doguwar igiya mai katantanwa, duk aikin Laraba. Wani wurin faɗinsa yatsa ɗaya, wani wurin biyar. Na kalmashe sabon, na goge, na zauna. Ban yi sauri ba. Da na gama na sake rataye shi, na yi ta zuwa ina dubawa da rula har Talata. Bai motsa ba. Na kai tasha.

Kwana biyu ba labari. Jakata tana nan a bakin ƙofa, ina tsallake ta in zan shiga kicin.

Ran Alhamis Yaya ta kira, muryarta wasai. Ta ce lauya ta zo ta gwada, ta juya gaban madubi har sau uku, ta ce gajartar ma ta fi yi mata kyau. Har ta kawo ƙawayenta biyu, su ma irinsa suke so.

“Kin fitar da ni kunya, Auta. Kuma kin ga, na yi tunani, hanyar nan ma ta fi sauƙi. Ina yankawa in ba direba, ke ki rataye abinki ko kwana nawa ne ba mai damun ki, ki yi baki ki aiko. Ga keke a inda ya saba, ga Baba in ya dawo ya tarar da mutum a gida.”

Na dubi jakar. Na miƙe tsaye, ban san dalili ba, na riƙe wayar da hannu biyu.

“Yaya, ni zuwa nake so in yi. Ba aikin ba. Wurinki nake so in zo in zauna.”

Da ƙarfi ya fito. Ni kaina na tsorata.

Na ji ta tashi, ƙarar kekuna ta yi nisa, ta rufe wata ƙofa.

“Na ji ki,” ta ce. “Wannan karon na ji ki sarai.” Ta ja numfashi. “Auta, ran Asabar da ta wuce raina a ɓace yake. Akwai wata da ta daɗe tana min naci, ta iya tarbar mutane, ta iya ce wa mai kaya wannan ba zai yiwu ba. Na ce ta zo. Ta riga ta kawo katifarta ɗakin. Ba zan iya cewa ta kwashe ba, ba ta yi min komai ba.”

“To.”

“Kar ki ce min to ɗin nan.”

Na rasa me zan ce in ba shi ba. Can wani ya kira ta daga shago, ta ce tana zuwa, ta ce min za mu yi magana, ta ajiye.

Baba ya dawo ran Asabar, idonsa ja, rigarsa duk warin mai. Ya ga na fito da kaya daga jaka ina mayarwa cikin durowa.

“A'a, ba ƙarshen wata aka ce ba? Har na roƙi hutun kwana ɗaya don in kai ki.”

Na ce an fasa.

Ya tsaya yana kallona, yana murza hularsa a hannu. Na ga yana neman abin faɗa. Ni da shi duk ɗaya muke a nan.

“To,” ya ce. “Ɗora min ruwan wanka.”

Ran Litinin ya tafi da sassafe. Da rana na je tasha na karɓo leda, wannan ta fi ta farko nauyi. Siket uku ne, kore da ruwan toka da wani ja mai duhu, da 'yar takarda da rubutun Yaya, tsawon kowanne da ranar da ake so. Ƙusa ɗaya ce a jikin ƙofar. Na sauka wurin masu gyaran waya na ce su ara min guduma.